Ka Auna Ruwan Kafin Rakiya Ta Shiga

Katako, Jos.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Tafiyar da za ku yi jibi Allah Ya sa a yi ta a sa'a, Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin sabon aikinka. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa kamar kana Makka. To yaya zan yi? Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci. Shekara ashirin da shida ban taɓa zaunar da kai na dubi idonka na yi maka doguwar magana ba, kai ma ba ka taɓa wuce gaisuwa da ni ba. Haka muka tarar ana yi, kuma yau haushin abin nake ji. Rubutun ka yi haƙuri da shi, bokon yaƙi da jahilci ne, na tsofaffi. Da na kai wa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya gyara min, amma abin da ke ciki ba na kunnen kowa ba ne.

Ba daga bakinka na ji ba. Iya Sikira ce, maƙwabciyarmu da ta goye ka, ta tare ni shekaranjiya ina buɗe rumfar katako. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Baban Abba, ka ji abin da yaronka zai yi? Ya ce kafin su kama jirgi na Lafiya, zai sauka Bukuru ya kai Rakiya wani sabon ruwa na magani. Ni na yi magana, bai ji ba. Kai ne ubansa. Ka buɗe baki wannan karo."

"Wannan karo" ta ce, ta juya ta tafi. Ita kanta ba ta san inda maganar ta doke ni ba.

Ban ga laifinka ba don ka nema wa matarka magani. Ina da ido. Tun haihuwar 'yarku Ummi nake ganin Rakiya tana dafa bango kafin ta miƙe, ina ganin yadda ta daina ɗaukar tulu, tana murmushi don kada a gane. Bayanta da kwankwasonta sun ƙi, sanyin Jos kuma ba ya tausayin kowa. Namijin da zai ga haka ya zauna ba namiji ba ne. Abin da ya ɓata min rai shi ne inda ka zaɓa, da wanda ka ji a bakinsa.

Jiya na rufe rumfa na taka har tashar Laranto, na nemi ɗan kamashon da yake tara fasinja wa motar da take kai mutane ruwan. Bai yi wuyar samu ba, muryarsa ake ji tun daga bakin hanya. Na tsaya kamar mai son tafiya, na tambaye shi labarin ruwan.

"Baba, wannan ruwa ba irin sa. Ogana ya gani da idonsa, gurgu ya shiga ya fito yana gudu. Ruwan zafi ne daga ƙasa. Da safe hayaƙi yana tashi a kai, kowa yana gani."

Na ce, "Ka taɓa sa hannunka ciki da tsakar rana?"

Ya ce, "Ni aikina lodi ne, Baba."

Na ce, "Ruwan yana da hanyar fita? Yana gudu?"

"A'a, a tsaye yake, shuɗi, mai kyau."

"Akwai tudun ƙasa dogaye a gefensa, waɗanda ciyawa ba ta son su?"

Ya dube ni. "Akwai. Ka taɓa zuwa ne, Baba?"

Na ce, "Mata ina suke wanka?"

Ya yi dariya, yana tsammanin kishi nake yi wa wata. "Kada ka damu, Baba. Mata can ɗaya gefen suke, nesa da hanya. An kafa musu zana, ba namijin da yake zuwa wurin."

Abba, da ba don tsufa ba da na shaƙe yaron nan a tsakiyar tasha. Wannan ba ruwan magani ba ne, tsohon ramin kuza ne da ruwan sama ya cika. Hayaƙin kuwa, kowane kududdufi a ƙasar nan yana yin sa da safe lokacin sanyi, har rijiyar gidanmu. Kai da ka yi makaranta har ka zama akawun jirgin ƙasa, ɗan kamasho ya sayar maka da tururin safiya. Ban yi maka dariya ba, don ni an sayar min da abin da bai kai wannan ba. Bari in bi maka kurakuraina a jere.

Zuwa ruwa neman lafiya ba yau aka fara ba, kuma ba ƙarya ba ne duka. Mai sunanka, mahaifina, falke ne, gishiri yake ɗaukowa daga ƙasar Awe a kan jakuna. Ya sha ba mu labarin wani marmaro a can, wanda yake fitowa da zafi daga ƙarƙashin dutse rani da damina. Ya ce idan ayari ya sauka, ƙafafu duk faso, gwiwoyi sun kumbura, sai su je su zauna a ciki har kwana uku. Bai taɓa cewa gurgu ya tashi ba. Cewa yake yi jiki yana saki, barci yana zuwa, mutum ya samu ƙarfin komawa gida. Abin da ya fi maimaitawa shi ne ruwan yana da masu shi. Tsofaffin matan garin su suke tsare da shi, kakanninsu ma a nan suka yi wanka. Sun san inda yake ƙuna da inda yake da daɗi, sun san wanda za a hana shiga. Mai ciki ba ta shiga, mai zazzaɓi ba ya shiga. Ka zo da buhun goro ma, in suka dubi idonka suka ga ba ka da ƙarfi, gida za su kora ka.

Alhazan da suka dawo ta ƙasa su ma sun ba da labarin gidajen wanka na Larabawa, ginannu, masu tururi, inda ake tausa mutum har ya manta da gajiyar hanya. Wani Bature da na yi wa aiki a ramin kuza ya taɓa gaya mana a ƙasarsu akwai garuruwan da ba su da sana'a sai ruwa, manya su je su jiƙa kansu wata guda da izinin likita. Kuma ka dubi abin haushi: su Turawan nan Jos ake turo su daga kudu su sha iska su warware, iskar nan da take cinye mana ƙashi. Su suna hawowa neman sanyi, mu muna gangarawa neman zafi. Ko a gidajenmu, mene ne wankan jego da sirace in ba wannan ba? Amma ko wankan jego ba a ba yarinya ta yi wa mace. Tsohuwa ake kira, wadda hannunta ya san zafin da fata za ta ɗauka.

Kuskurena na farko shi ne na raina wannan ilimi. Ina saurayi na bar mahaifina da jakunansa na zo Jos haƙar kuza, ina ganin na waye. Na sa gajeren wando, na iya cewa "yassa". Da ya zo duba ni, ya ga ina tsaye cikin ruwan wankin kuza tun safe har la'asar, ya ce in biyo shi sau ɗaya ya nuna min marmaron da masu tsaron sa, wata rana zan buƙace shi. Na ce masa wannan labarin fatake ne. Ya rasu ban bi shi ba. Ranar da buƙatar ta zo, ban san hanya ba, ban san yadda ruwan gaskiya yake ba, don haka kowa ya nuna min ruwa sai in yarda. Kai kuma yanzu Allah Ya kai ka Lafiya, kusa da ƙasar. Ka nemi tsofaffin masu gishiri a kasuwa, ka durƙusa ka gaishe su, ka tambaye su. Kada takardar da ke aljihunka ta hana ka.

Ciwon ya zo wa mahaifiyarka ne bayan ta yaye ka. Irin na Rakiya sak, baya da kwankwaso, daga baya ya hau har kafaɗu. Iya Sikira ta ce in kai ta asibiti. Na ƙi. Na ce yanka mutane suke yi a can, kuma ba namijin da zai taɓa min mata. Ka ji wauta. A Vom har shanu suna da likita, ni na hana uwar ɗana. Wannan shi ne na biyu, kuma ba shi da wani dogon bayani. Kafin kowane ruwa, ka kai Rakiya a duba ta. In likita ya ce ruwan ɗumi zai taimake ta, to. In ya ce wani abu ne daban, ka ji.

Maimakon asibiti, sai na kai ta wurin wani mutum a bayan kasuwa. Ya jera duro-duro a wani kango, ya kewaye da tabarmi, yana cewa ruwan daga wani marmaro mai zafi ake kawo masa, tafiyar kwana uku. Kuma har ya iso da zafinsa. Ni da hankalina, da gemuna, na tsaya na ji wannan na gyaɗa kai. Ban tambayi kaina me tarin itacen da ke bayan kangon yake yi ba. Ruwan rijiya ne yake dafawa, ya zuba kanwa da ganye don ya yi wari. Matar da ya sa tana yi wa mata wankan ba ta san komai ba, ta kwara wa mahaifiyarka shi yana tafasa. Ta dawo ƙaurinta duk ya saluɓe, wata biyu tana jinyar ƙuna a kan ciwon da ta je da shi. Ba ta taɓa ɗora min laifin ba. Da ta zage ni da ya fi min. Abin da na koya, da ma na koya, shi ne duk wanda yake rantsuwa kafin a ƙaryata shi, kuma yake jin haushi in ka yi tambaya, ba magani yake sayarwa ba.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san mahaifiyarka ruwa ne ya ci ta kana shekara huɗu. Kowa a unguwar nan ya sani. An gaya maka mutanen ruwa ne suka ja ta, kwananta ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, wannan na Allah ne. Sauran ƙarya ce, kuma da bakina aka yi ta.

Shekarun nan da farashin kuza ya faɗi, kamfanoni suka sallami leburori suka kwashe injinansu, suka bar ramuka a buɗe ko ina. Ko kwano ɗaya na ƙasa ba su mayar ba. Damina biyu uku, ramukan suka cika suka zama tafkuna, ciyawa ta rufe bakinsu. Sai wani baƙo ya zo ya zauna a bakin ɗaya daga cikinsu, ya ce an nuna masa ruwan a mafarki. Ya sa masa suna Ruwan Albarka. Labari ya cika gari, irin wanda na ji jiya a Laranto, har da gurgun. Ina jin gurgun nan ɗaya ne yake gudu tun wancan zamani.

Na ɗauki abin da zafi. Na bi unguwa ina cewa na samo wa matata magani. Iya Sikira ta ce, "Baban Abba, ruwan da ba shi da hanya na fita, ni ba na yarda da shi. Wa ya san gindinsa?" Na ce mata ita Bayaraba me ta sani game da ruwan ƙasar nan, a gaban mutane na faɗa. Duk da haka ita muka bar wa kai. Na ari jaki na ɗora mahaifiyarka, muka fita da sassafe, muka isa rana ta take.

Muna sauka na gane wurin. Akwai wani baƙin dutse a bakin hanya, tsagagge, da huda uku a jikinsa. Ni na riƙe ƙarfen da aka huda shi da shi, aka zuba nakiya. Shekara biyu na yi a ramin nan da diga a hannuna. Na san shi kamar yadda na san tsakar gidanmu.

Ka fahimci yadda ake haƙa ramin kuza, don a nan maganar take. Gefe ɗaya ana yin gangare mai sauƙi, inda leburori suke hawa da kwanon ƙasa a ka. Ɗaya gefen, inda ake cin ƙasar, ana barin dandamali ne kawai, faɗinsa taku huɗu, daga nan sai bango a tsaye har ƙasa, ya fi gaba goma. In ruwa ya cika, dandamalin yana nan ƙarƙashi, ruwa iya gwiwa zuwa cinya, sai ka rantse haka wurin yake har tsakiya. Gangaren yana kusa da hanya, don haka mai ruwan ya zauna a nan ya ba maza. Mata kuwa, don a suturta su, aka kai su can nesa da ido aka kafa musu zana. A kan dandamalin.

Kuma yana da doka. Wai sai ruwa ya rufe inda ciwon yake. Mai ciwon ƙafa ta tsaya a baki-baki ta fito lafiya, ta tafi tana yabo. Mahaifiyarka ciwonta har kafaɗa.

Duk wannan ya faɗo min a rai lokaci ɗaya, ina tsaye riƙe da igiyar jaki. Ba mantawa na yi ba, ba ruɗewa na yi ba, kada ka yi min wannan uzuri. Na sani. Na dubi jama'a, ga marasa lafiya an shimfiɗe su, ga masu kuka, ga masu godiya. Na ce in na ɗaga murya na ce ramin kuza ne, ni na haƙa shi, me za su yi min? Na tuna bakin da na cika a unguwa, na tuna fuskar Iya Sikira in mun koma da yamma ba a yi wanka ba. Sai na ce wa raina ai a baki-baki za ta tsaya kamar sauran. Wata tsohuwa ta zo ta kama hannunta. Ta juyo ta ce min, "Malam, ka riƙe min mayafin nan, kada ya jiƙe." Na karɓa. Ko a lokacin kalma huɗu sun isa: kada ki yi nisa. Ban faɗa ba, don tsohuwar tana tsaye, kuma ba a san namiji da yi wa matarsa raɗa a cikin mutane ba.

Da suka ɓace bayan zanan sai na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na ɗaure jakin na bi gefen tafkin, na yi rabin hanya. Wani daga cikin mutanen mai ruwan ya sha gabana da sanda.

"Malam, ina zuwa?"

Na ce, "Magana zan gaya wa iyalina."

Ya ce, "Can na mata ne. Ba ka da kunya ne?"

Mutane suka juyo suna kallo na, wani ya yi dariya. Abba, na koma. Ba dukana ya yi ba, ba ɗaure ni ya yi ba. Ce min ya yi ba ni da kunya, ni kuma na juya na koma na zauna a kan dutsen nan mai huda uku, da mayafinta a cinyata, don in nuna ina da ita.

Ban daɗe da zama ba na ji ihun mata. Na ruga, na ture zanan na faɗa ruwan. A lokacin ba wanda ya ce min can na mata ne. Na taka ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙafata ta sami bakin dandamalin daidai inda na san yake. Ba komai a gabana sai shuɗin ruwa. Sai rana ta uku ya maido ta.

Mai ruwan ya ce mutanen ruwa ne suka so ta. Jama'a suka ce haka ne. Aka dube ni, ni ma na ce haka ne. Na dawo gida na faɗa wa Iya Sikira haka, kana goye a bayanta kana barci. Mai ruwan ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na bar aikin kuza na koma katako, mutane suna cewa baƙin ciki ne ya sa ba na son ganin tafki. Shekara ashirin da biyu ana tausaya min.

Ina jin haushin kamfanin da ya haƙa ƙasar mutane ya tafi ya bar musu rijiyoyi ba murfi. Ina jin haushin mai ruwan, da masu motar da suke cika ta da marasa lafiya ba wanda ya taɓa sa ƙafa a ciki. Ina jin haushin duk wanda yake ganin mace ta suturtu in dai ba a ganin ta, ko da a bakin halaka aka tsayar da ita. Amma mai ruwan baƙo ne, bai san zurfin ba. Mai sandan ma bai sani ba. A duk taron nan mutum ɗaya ne ya sani.

To ga abin da nake so da kai. Ramin bayan Bukuru kada ku je, ko da kallo. Ku wuce tasha ku kama jirginku. In kun isa Lafiya, likita tukuna. In ya yarda, ka nemi marmaron kakanka. Ko shi ɗin kada ka yarda da shi don na yaba, ban taɓa ganin sa ba. Ka duba ko ruwan yana fitowa yana wucewa. Ka sa hannunka da tsakar rana ka ji zafin da fatarka, kada ka ji da kunne. Ka duba ko mutanen garin suna kai nasu matan da iyayensu, ko baƙi kaɗai ake kai wa. Ka tambayi masu tsaron sa wa suke hanawa shiga. In suka ce kowa da kowa, kowace cuta, ka ɗaure kayanka. Wurin da ba a taɓa korar kowa ba, ba wanda ya san shi.

Sa'an nan ka auna. Na zaɓo maka gora a kasuwa, busasshiya, miƙaƙƙiya, tsawonta gaba uku. Tana jingine a zaure, na ɗaura mata jan ƙyalle don kada a haɗa ta da na sayarwa. Na san akawu da farin wando ba ya son a gan shi a tashar jirgi da gora kamar mai kiwon agwagi. A yi maka dariyar. Duk ruwan da Rakiya za ta shiga, kai za ka fara shiga, a gefen da za ta shiga, ba gefen maza ba. Ka soka gorar gabanka kafin kowane taku, ka san inda ƙasa ta ƙare, ka kafa ta a wurin ta zama iyaka. Za su ce maka can na mata ne. Ka ce a fito da matan su rufa, ka auna ka fita, ba za ka ci musu lokaci ba. Za a ce ba ka da kunya. Ka ce e, ba ka da ita, ubanka ya riƙe ta duka.

Kuma ka riƙa yi wa matarka magana, ko a gaban wa. In ka ga abu, ka faɗa da ƙarfi lokacin da faɗar take da amfani. Ummi sunan mahaifiyarka ta ci. Ban yarda a sake goya wani yaro a gidan nan a gaya masa labarin mutanen ruwa ba.

Takardar zan ba Iya Sikira ta miƙa maka. Na gaya mata abin da ke ciki yau da safe, don ita ma na ci amanarta. Ta ce in ba ta takardar, ba ta dube ni ba. Akwai ƙunshi tare da ita. Mayafin ne. Bai jiƙe ba, na riƙe shi kamar yadda ta ce. Ka ajiye wa Ummi.

Ban ce ka yafe min ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, kuma ba na gaggawa. Jibi da safe zan zauna a zaure kamar kullum. In ka ga ba za ka iya gaishe ni ba, ka wuce, ba zan riƙe ka da shi ba, kuma addu'ata tana bin ka ko ka gaishe ni ko ba ka gaishe ni ba. Allah Ya ba Rakiya lafiya mai ɗorewa, Ya raya Ummi a hannun uwarta, Ya sa ka gama da aikinka lafiya, Ya kai ku Ya dawo da ku ku uku cif. Allah Ya ji ƙan wadda ta rigaye mu, Ya sa ruwan ya zame mata shahada. Amin.

Ni dai ka wuce ni in ka so. Gorar ce ban yarda ka wuce ta ba.

Mahaifinka,
Haruna mai katako.